Bakin Kanal

Da aka kusa hutun ƙarshen zango, malaminmu na Adabin Baka ya ɗora mana wani aiki, ya ce kowa ya koma garinsu ya tattaro waƙoƙin aiki guda biyar daga bakin tsofaffi, na noma ne ko na daka ko na su. Ni kuwa da na ji haka sai na yi murmushi, na ce a raina abin nema ya samu. Ai ni ɗan ƙasar Talata Mafara ne, mahaifiyata kuma mutuniyar ƙasar Maradun ce. Wanda ya fito tsakanin Mafara da Bakura da Maradun, a ce zai rasa waƙa? Ashe ban san dawar garin ba.

Bari in fara kwatanta wa mai karatu unguwarmu, don ba kowa ya taɓa zuwa ba. Gidanmu yana bakin wata babbar magudanar ruwa da aka gina da siminti, wadda kowa ke kira kanal. Ruwanta daga madatsar Bakolori yake fitowa, ya yi tafiyar kilomita 15 a uwar magudana, sa'an nan a rarraba shi cikin 'ya'yanta, su kuma su kai shi gonaki. Tun da asuba bakin kanal ke cika. 'Yan mata na wanke-wanke, samari na wanke babura, can ƙasa kaɗan masu shanu na shayarwa, mu kuwa muna yara aikinmu ke nan tsalle daga kan gada, a yi ta dukanmu ba mu bari. Da hantsi hayaƙin tukwanen gumi ya turnuƙe unguwa, mata na turara shinkafa suna shanyawa, ana ta korar awaki. Ran Talata kuwa tun da duku-duku za ka ji amalanke da motoci suna ɗibar buhuna, da albasa da tumatir da kudaku, sai kasuwar Mafara. Nan ake zance, nan ake faɗa, nan ake sulhu. Aure nawa aka ƙulla a bakin kanal ɗin nan, Allah kaɗai ya sani.

To, ni duk ƙuruciyata na ɗauka kanal halitta ce kamar gulbi, tun fil azal tana nan. Sai da na yi wayo na gane mahaifina ya girme ta. A 1974 aka fara aikin datse gulbin Sakkwato, wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ya yi ginin, aka gama madatsar a 1978. Tsawonta ya kai kilomita 5 da rabi, tafkin da ta tara kuma ya rufe ƙasa kamar hekta 8,000. Niyyar da aka yi ita ce a shayar da hekta 23,000, manomi ya yi noma damina da rani. Duk wannan na karanta shi a ɗakin karatu, na kuma rubuta a jarrabawa. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in tambayi mutanen gidanmu.

Da na isa gida na huta, sai na ɗauki wayata na nufi ɗakin kakata ta wajen uwa, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Maigida, yau kuma mi kaka biɗa? Ko ka kawo kuɗin cefane?" Na ce mata waƙoƙi nake so, irin waɗanda suke yi a gona suna 'yan mata. Ta yi shiru, ta dube ni, ta ce, "Waƙa tana inda munka baro ta. In kana iya nutso, tai ka ɗauko."

Na yi dariya, na zaci wasan jika da kaka ne. Ita kuwa ba ta yi ba.

Ran nan na ji abin da ban taɓa ji ba. Ƙauyen da aka haife ta yana ƙarƙashin tafkin Bakolori. A da, in ji ta, gulbi ne mai tsara musu shekara. In ya cika da damina ya malala cikin fadama, ya bar musu laka mai taushi, su shuka shinkafa. In ya janye, a sa albasa da rogo da kudaku a danshin da ya bari, mai ƙarfi kuma ya kafa jigo. Tafkunan da ambaliya ta bari su ake wa su, gari guda a faɗa ruwa da koma da gora, sarkawa na gaba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da kiɗinsa. In za a yi gayya, makaɗin noma ne ke gaba da gangarsa, yana kiran manoma da sunayensu, yana zuga wannan yana yi wa wancan zambo, har rago ya ji kunya ya kama kuyya. Ta ce da aka kwashe su aka mai da su kan tudu, ba wanda ya hana su waƙa. Amma waƙar tana kiran sunan tafki kaza, da tsamiya kaza, da fadamar wane, ga shi duk babu su. Sai bakin kowa ya mutu.

A nan ne na ga wautata. Ni da nake alfahari a makaranta cewa ƙasarmu ce ta haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ban taɓa tsayawa na yi tunanin daga ina kiɗinsa ya taso ba. An haife shi a Ɗankadu ta ƙasar Bakura, mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin noma ne kafin ya zama makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun, a hannunsa kuma shi da wansa Abdu Kurna suka koyi sana'a. Wato kotson da ya je gaban Sardauna, daga bakin kuyya ya fara. Haka Sa'idu Faru, mutumin ƙasar Maradun, wanda ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙoƙi yana Sarkin Kudu a Talata Mafara, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Duk wanda ya saurari makaɗan nan da kunnen basira zai ji gulbi da dabbobin ruwa da damina suna yawo cikin kirarinsu, don abin da suka buɗe ido suka gani ke nan. Waƙoƙinsu na fada sun tsira, da yake an ɗauke su a faifai da kaset, ga su yau har a cikin wayoyinmu. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991 amma muryarsa ba ta rasu ba. Waƙar matan da ke casar shinkafa fa, wa ya kai mata rikoda? A ganina mu ɗaliban Hausa muna da laifi a nan. Kundi nawa aka rubuta a kan makaɗan fada, nawa kuma a kan uwayen da suka haife su?

Da na ga kakata ta gaji, sai na koma wajen wan mahaifina, wanda muke kira Baba Babba. Su mutanen ƙasan madatsa ne, ba a tashe su ba, amma an karɓi gonakinsu don a baje su a tsaga magudanu. Ya ce motocin baje ƙasa sun tumɓuke itatuwa, sun shafe iyakoki, aka yi damina bayan damina ba shuka. Gonarsu da wata tsamiya ake gane ta. Da aka zo mayar da gonaki, wani ma'auni ya nuna musu wani fili ya ce nasu ne, mahaifinsu ya ce shi bai ga tsamiya ba. Har ya koma ga Allah bai yarda gonarsa ce yake nomawa ba.

Na tambaye shi labarin 1980. Wannan kam sananne ne: manoma sun gaji da jiran diyya, suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilu na shekarar aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, zamanin Shehu Shagari yana shugaban ƙasa, Shehu Kangiwa yana gwamnan Jihar Sakkwato, don a lokacin ba a ƙirƙiro Zamfara ba sai 1996. Adadin da gwamnati ta bayar na matattu bai kai 30 ba, wasu marubuta kuwa sun ce sun haura 380. Baba Babba yana saurayi a lokacin. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kashe wagga waya." Na kashe. Abin da ya gaya mini bayan nan ba nawa ba ne balle in zuba shi a mujalla.

Kada mai karatu ya ce na zo kuka ne kawai. In na zagi kanal na zagi tuwon da ya raine ni. Da kuɗin shinkafar rani aka biya mini kuɗin makaranta tun daga firamare. Na kuma ga shekarun da laka da ciyawa suka toshe magudanu, injinan feshin ruwa suka mutu, ruwa bai kai wa na ƙarshen layi, maƙwabta suna kwana a gona da fitila don kada a karkatar musu da rabonsu. Na ga kuma yadda fuskoki suka saki da aka shiga gyara, a ƙarƙashin shirin da aka fara a 2014 da rancen Bankin Duniya. Mutumin da ya ga haka ba ya cewa a mayar da gulbi yadda yake. Sai dai abu guda ya tsaya mini a rai: ruwan da muke sha a nan ƙasa, a kan gidan kakata yake kwance, kuma ita da Baba Babba suna cin tuwo a gida ɗaya shekara da shekaru ba su taɓa yin zancen ba.

Yanzu ma wata sabuwa ta samu, wadda ta fi ta da. Tun da ɓarayin daji suka addabi ƙasar, musamman bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe a 2021, hirar dare a bakin kanal ta ragu ƙwarai. Na so in je gefen tafki wajen dangin uwata, inda aka ce akwai wani tsohon makaɗin noma da ya rage, mahaifina ya ce ko da wasa.

Saura kwana biyu in koma makaranta, ba ni da waƙa ko ɗaya a hannu. Da la'asar ina zaune a kan gada ina tunanin abin da zan gaya wa malam, sai na ji 'yan mata masu wanki suna wata waƙa suna tafi, suna yi wa wani mai buɗe ƙofar ruwa zambo, wai ya ba surukinsa ruwa ya hana gari. Na tambaye su wa ya koya musu, suka ce ba kowa, tasu ce. Na roƙe su suka maimaita, na ɗauka.

Da dare na kunna wa kakata. Ta sa na sake kunnawa har sau uku. Ta ce amshin ba daidai suke yinsa ba, karin na wata waƙar casa ne da suke yi a ƙauyensu, kalmomin ne kurum aka sake. Sa'an nan ta gyara zama, ta ce, "Maigida, kunna abin naka." Ta yi baiti biyu, a na uku ta kai sunan wata fadama, ta tsaya. Na jira, ba ta ci gaba ba.

Waƙa ɗaya da rabi na kai wa malam a maimakon biyar.