Kare a Bakin Turawan Ingila

Tun da Allah ya ƙaddara mini zama a Ingila, babu abin da ya tsaya mini a rai kamar takardar shaida da wani malami ya rubuta wa ɗan ƙanena, inda ya siffanta shi da kalmar "dogged", wadda tushenta kare ne, alhali kuwa yabo yake nufi, wato yaron mai naci ne, in ya kama abu ba ya saki sai ya ga ƙarshensa. Da a gida ne, da maganar ta kai gaban alƙali.

Masana lugga sun ce a zamanin da kalmar zagi ce a wurin Turawan ma, ma'anarta mugun hali da ɗaure fuska, sannu a hankali ta rikiɗa. Ba abin mamaki ba ne ga mutanen da suka ɗauki "bulldog" alamar ƙasarsu, karen nan mai murtukakkiyar fuska da ake sa shi ya cafki hancin bijimi, bijimin yana jijjiga shi yana maka shi da ƙasa amma haƙoransa na nan a kafe, har majalisa ta haramta wasan a 1835, daga baya kuma, da Jamus ta matsa musu da ruwan bama-bamai a 1940, suka riƙa kamanta Firayim Ministansu Churchill da karen.

Nakan yi alfahari da harshenmu, da ya bambanta naci da kafiya, ya raba jajircewa da taurin kai, ya kira naci damben kuturu, bai nemi taimakon dabba ba. Amma wani lokaci sai kishi ya kama ni, domin a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, Alƙur'ani ya ambaci karen As'habul Kahfi a bakin kogo, mafarauta kuma sun san amanarsa, duk da haka ba mu saka masa da komai ba sai ashar da sunan karen mota.

Saboda haka ɗalibin da zai zo Ingila ya kiyaye. In an kira shi da kalmar nan ta takardar shaida, ya haɗiye fushi ya yi godiya. In an ce masa "underdog", ana nufin shi ne mai rauni a gasar, kuma zukatan jama'a na tare da shi. In aka ce a bar kare mai barci ya yi barcinsa, a bar kaza cikin gashinta ke nan. Sai dai sunan karya, ta mace, zagi ne mummuna a nan ma, kada ya kuskura ya furta shi. In kuwa ya shiga gidan Bature kare ya taso yana shinshinarsa, kada ya daka masa tsawa. In ransa bai kwanta ba, ya gaya wa maigidan cikin ladabi cewa zai yi salla da tufafin, galibi za a janye karen zuwa wani ɗaki.