Takarda Tukuna, Kana Kyamara

Mutane da yawa idan suna kallon fim su kan zaci yadda labarin ya ke tafiya a gabansu haka aka bi aka ɗauke shi, watau aka fara da farko, aka ƙare da ƙarshe. Ba haka ba ne. Masu wannan sana'a abu uku su ke dubawa: wuri, da hasken rana, da lokacin mutane. Ni malamin ofis ne, aikina riƙon littattafai, saboda haka wannan gefe na aikin ya fi ba ni sha'awa, domin da alƙalami a ke yinsa tun ba a taɓa kyamara ba.

Ga yadda a ke yi. Da fari a kan ɗauki rubutaccen labarin a rarraba shi fitowa fitowa, kowace a ba ta lamba. Gaban kowace lamba a rubuta inda za a yi ta, cikin ɗaki ko waje, da rana ko da dare, da sunayen 'yan wasa, da tufafinsu, da kayan da za su riƙe. Shafi ɗaya na rubutu ya kan ba da wajen minti ɗaya na kallo, don haka da ƙidayar shafuka a ke auna aikin kowace rana. Sa'an nan a tattara duk fitowar da ke wuri guda a sa su rana guda. Idan lamba 3 da 17 da 40 duk a zaure ɗaya su ke, a jere za a ɗauke su, ko da a cikin labarin akwai shekaru tsakaninsu.

Wannan dabara ba ta yau ba ce. A Amurka, sa'ad da a ke shirya fim ɗin Gone with the Wind, wanda ya fito a 1939, gobarar birnin Atlanta aka fara ɗauka, ran 10 ga Disamba, 1938, alhali kuwa can wajen tsakiyar labari ta ke. Dalili kuwa, tsofaffin gine-ginen katako na finafinan baya sun tare filin, ana kuwa bukatar wurin don a kafa sababbi. Sai aka cinna musu wuta, aka ɗauki hoton. A lokacin ko matar da za ta ja fim ɗin ba a gama zaɓa ba.

A ƙasarmu, inda fim ɗin Hausa na bidiyo ya soma a Kano a 1990 da Turmin Danya, mai tsara ranaku yana da nasa abin lura. Hasken hantsi da na la'asar sakaliya sun fi kyau ga fuska, na tsakar rana kuwa ya kan jefa inuwa a idanu. Hazon hunturu ya kan dusashe sama, markar Agusta ta kan ɓata yini sukutum. Ranar Juma'a gajeruwa ce ga ma'aikaci, ranar kasuwa kuma ba a jin magana don hayaniya.

Na ga amfanin wannan da idona sa'ad da samarin unguwarmu suka shirya ɗan gajeren fim a kan tsabtar rijiya, suka roƙe ni in riƙe musu takarda. Kyamarar ta haya ce, kwana kwana a ke biya, kuɗinsu kuwa na kwana 3 ne kacal. Wani dattijo ya ara mana zaurensa, amma ya ce safiyar Asabar kaɗai, domin nan ya ke ɗinki. Duk abin da ya shafi zaure muka tara shi a safiyar nan. Wanda ya fito a mai unguwa manomi ne, sai bayan la'asar ya ke samun sukuni, muka jera nasa da yamma. Har launin hularsa na rubuta, kada ya shiga ƙofa da fara ya fito da ja. Rana ta biyu hadari ya taso. Da ma mun ajiye waɗansu fitowa na cikin ɗaki don irin wannan, sai muka koma kansu, yini bai tafi a banza ba. Da muka mayar wa dattijon zaurensa kafin azahar, sai ya ce, "Malam, in kun sake bukata, zauren naku ne."

A nan na gane takardar nan alkawari ce. Duk sa'ar da aka rubuta a cikinta, wani ne ya bar gonarsa ko rumfarsa dominta. Wanda aka kira da ƙarfe 7 aka bar shi zaune har magariba, gobe ba zai amsa kira ba, maƙwabcinsa ma ba zai ba da aron gida ba.

Yau kusan kowace waya kyamara ce, amma ba kowa ya iya tsari ba. Ku da kuka sauke karatun yaƙi da jahilci, kun iya rubuta lamba, kun iya ja layi, rabin sana'ar nan ke nan a hannunku. In an kira ku irin wannan aiki, ku zauna ku rubuta tun da sauran kwanaki, ku sanar da kowa lokacinsa tun daren. Ba a fafe gora ranar tafiya.