Yini Guda a Birnin Charleston

'Yan'uwana ɗalibai, tun da na dawo daga hutun bara, duk wanda ya gan ni a bakin laburare sai ya ce, "To Ba'amurke, a ba mu labari." Na gaji da yanka shi gunduwa-gunduwa, shi ya sa na ce bari in rubuta ko da na yini guda ne, kowa ya huta.

Wanda na je wa abokina ne tun na makarantar allo, unguwarmu ɗaya cikin birnin Kano. Muna aji uku na sakandare mahaifinsa ya sami aikin asibiti a jihar Karolina ta Kudu, suka kwashe suka tafi. Shekara bakwai ba mu sa juna a ido ba, sai da wansa zai yi aure suka aiko mini da takardar gayyata da kuɗin jirgi. Na tarar ya yi ƙiba, Hausarsa kuwa ta rame, in ya ɗauko magana sai ya tsaya yana lalube kamar mai neman allura a duhu. Ni kuwa da yake Hausar nake karantawa, ban raga masa ba ko kaɗan.

Da biki ya watse sai ya ce in zo ya kai ni in ga Charleston. Tsohon gari ne a bakin teku, Turawan Ingila suka kafa shi a 1670, suka sa masa sunan sarkinsu Charles na Biyu. Kyau kam yana da shi, ba na musu. Ga benaye masu baranda, wani shuɗi wani rawaya, ga keken doki yana zagayawa da baƙi, mai tuƙi yana zuba musu tarihi kamar maroƙi. Daga gaɓa ya nuna mini wata ganuwa can tsakiyar ruwa, wai ita Sumter, inda aka buɗe wutar yaƙin basasarsu a 1861. A kasuwa muka tarar da mata baƙar fata suna saƙa kwanduna da faya-fayi na ciyawa. Na tsaya sororo, don in ka ajiye ɗaya a tsakar gidanmu, kakata za ta ɗauka ta yi bakace ba tambaya. Ya ce ai da irinsa kakanninsu suke gyara shinkafa a gonakin iyayengijinsu. Na tambayi kuɗinsa, na juya shi zuwa naira a zuci, na ajiye musu abinsu a hankali.

Daga nan muka bi wani titi mai daɓen duwatsu, Chalmers, har ƙofar tsohuwar kasuwar bayi, wadda yanzu gidan tarihi ce. A 1856 hukumar garin ta hana gwanjon mutane a fili, sai dillalai suka koma cikin gida suka ci gaba da abinsu. Masu tarihi sun ƙiyasta wajen kashi 40 cikin 100 na bayin da aka kawo Amurka ta Arewa daga Afirka ta wannan gari suka shigo. Nan na tuna da Umaru ɗan Sa'idu, malami daga Futa Toro, wanda aka sauke a garin a 1807. A 1831 ya rubuta tarihin kansa da Larabci, ya buɗe da Tabaraka, kuma har ya rasu bai sami 'yanci ba.

Muna fitowa sai na hau mumbari. Na zagi Turawa ta uwa ta uba, na ce ban ga yadda mutum zai iya barci a ƙasar da aka gina da jinin 'yan'uwansa ba. Ya ƙyale ni har na kai aya, sa'an nan ya ce, "Malam, kafin Bature ya shiga Kano a 1903, me ake sayarwa a Kurmi ban da goro da shuni?" Na yi shiru. Ya ce, "Majalisar garin nan ta nemi gafara a 2018. Kai a Kurmi ka taɓa ganin ko ƙyallen allo da aka kafa? Laifi tudu ne, mutumina." Abin mamaki, ko kalma ɗaya bai yi lalube ba.

Na fara kame-kame, wai ai namu ba irin nasu ba ne, bawan sarki har sarauta yake yi. Sai ya dube ni ya ce, "In mun yi faɗa a makarantar allo, me kuke ce mini?"

Na tuna. Bacucane. Kakansa a rinji aka haife shi, kafin dokar 1936 da ta soke bauta a Arewa, kuma duk unguwa an sani. Ni ne ma mai bakin farawa, yara su amsa. A lokacin dariya yake yi, na ɗauka bai dame shi ba.

Muka ci shinkafa da wake a wani ɗan gidan abinci, kowa idonsa a kwanonsa. A mota ya kunna rediyo har gida.

Ranar da zan taso, a filin jirgi ya miƙo mini wani ƙunshi, ya ce in kai wa Hajiya, yana gaishe ta. Faifan nan ne da na ajiye. Yanzu da shi take rufe ƙwaryar furarta, tana ta mitar wai saƙar ba ta kai ta Bichi ba. Muna gaisawa da shi ta waya duk Juma'a, amma waccan magana har yau ban tayar ba, shi ma bai tayar ba.