Tsohuwar motar da ke ƙwace wa jarumi fim

Duk wanda ya kalli The Fast and the Furious na farko, wanda ya fito a 2001, ba zai manta da wurin da Vin Diesel ya buɗe ƙofar gareji ba. Fim ɗin cike yake da motocin Japan masu walƙiya, kore da ja da ruwan lemo, amma da kyamara ta faɗa kan baƙar Dodge Charger ɗin nan ƙirar 1970, wadda injinta ya fasa bonet ya leƙo waje, sai sauran duk suka koma kamar kayan wasan yara. A labarin, Dominic Toretto da mahaifinsa ne suka haɗa ta, ƙarfinta na doki 900, uban kuma ya mutu a filin tsere. Ƙato kamar Dom, wanda ba ya shakkar kowa, ya faɗa da bakinsa cewa tsoron motar yake ji. To, mai karatu, mene ne a jikin wannan tsohon ƙarfe?

Irin waɗannan motoci Amurkawa na ce musu "masu ƙwanji". Yayinsu ya kankama ne a 1964 da Pontiac GTO, lokacin da aka ɗauki ƙaton inji mai silinda 8 aka cusa shi a matsakaiciyar mota, aka sa mata kuɗin da saurayi mai albashi zai iya saya. Fetur kuwa kamar banza. Ford da Chevrolet da Dodge suka shiga rige-rige. Ba a shekara 10 cur ba aka yi musu rubdugu: kuɗin inshora ya hau, gwamnati ta kafa dokar hayaƙi, sannan a 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai. Shi ke nan, da yawa aka jingine su a bayan gida, tsatsa ta yi ta ci.

Gaskiyar da fim ba ya faɗa ita ce, motocin nan a yadda suka fito daga kamfani ba su da daɗin tuƙi. Gudu a miƙaƙƙiyar hanya, ba a magana. Amma a zo kwana ko a taka birki, sai addu'a! Shi ya sa masu farfaɗo da su ba sa tsayawa a fenti. Za a bar jikin yadda yake, a cire kabureta a sa injekta, a canja birki zuwa mai faifai, a sa sabuwar giya da sitiyari mai laushi, har da na'urar sanyaya ciki. Fuska ta kaka, zuciya ta jika. Eleanor ta fim ɗin Gone in 60 Seconds na 2000, wadda ta wahalar da Nicolas Cage, ita ta ƙara haukata mutane a kan wannan salo. Mustang ce ƙirar 1967 da aka yi wa sabuwar kwalliya, kuma a 2013 an sayar da ɗaya daga cikin waɗanda aka yi aikin fim ɗin da su a kan dala miliyan 1.

Sai dai akwai masu ganin wannan ɓarna ce, kuma suna da hujja mai ƙarfi: koriyar Mustang ɗin da Steve McQueen ya tuƙa a Bullitt na 1968, wadda ta kori baƙar Charger a gangaren titunan San Francisco har kusan minti 10. A 1974 wani magidanci a jihar New Jersey ya gan ta a tallar mujalla, ya saya. Matarsa malamar makaranta ce, da ita take zuwa aiki. A 1977 McQueen da kansa ya rubuto wasiƙa yana neman a sayar masa. Mutumin ya ƙi. Jarumi guda fa! A 1980 kulocin motar ya lalace, aka kulle ta a gareji, a shekarar ne kuma McQueen ya rasu.

Nan ne labarin ya fi na Toretto taɓa zuciya, don shi ba marubuci ne ya tsara shi ba. A 2001 uban da ɗansa suka fara kwance motar da niyyar tayar da ita tare. Ciwo ya kama uban, aiki ya tsaya, ya rasu a 2014 motar na warwatse. Ɗan ya koma garejin ya ɗaura komai a mazauninsa. Ya gyara inji har ta tashi, amma bai taɓa fentin ba, bai buge lotsawar da ke jikinta ba. Duk wanda a gidansu aka taɓa ajiye tsohuwar Fijo 504 haɗin Kaduna, aka hana 'yan gwangwan ɗauka saboda ta Baba ce, ya san abin da yaron nan ya ji.

An fito da ita bainar jama'a a bikin baje kolin motoci na Detroit a Janairun 2018. A Janairun 2020 aka yi gwanjonta a Florida. Ɗan ya ce a fara tayi daga dala 3,500, aka tashi a dala miliyan 3 da dubu 740, da tsatsarta da komai.