Saura Mutum Biyu!

Mu 'yan Rogo Sabon Gari mun san dokar tasha: mota ba ta tashi sai ta cika. Ranar da za mu zana jarrabawar JAMB, mu biyar muka yi asubanci za mu Kano. Muna zaune a bas, ɗan kamasho na ta kiran "saura mutum biyu!" har rana ta fito. Dole muka haɗa kuɗin abincinmu muka biya kujerun nan biyu, sannan direba ya tayar da mota. A Karaye kuma aka tsaya sauke buhunan masara. Mun isa ana shirin rufe ƙofar ɗakin jarrabawa, ga gumi ga yunwa. 'Yar ajinmu da ta kwana a Kano gidan gwaggonta kuwa har ta karya kumallo.

Malaminmu ya ce jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja, da aka buɗe a 2016, da agogo yake tashi, ko akwai kujera babu kowa. To, jirgi bai iso Rogo ba tukuna. Saboda haka ƙannenmu masu jarrabawa a birni, ku tafi tun ana gobe. In kana sammako, wani a tafe ya kwana.