Wa ke ba da umarni a cikin saiwar dawa?

Mu da muka tashi a Maska mun san ƙuduji tun kafin mu san baƙi da wasali. Wasu wuta-wuta suke ce masa. Furensa gwanin kyau, amma duk gonar dawar da ya yi wa ado, mai ita ba ya dariya. A gonarmu ta gado akwai wani gefe da dawa ke tsayawa iya ƙugu, ganye ya yi rawaya, alhali ruwa bai yi ƙaranci ba. Muna yara ake tura mu tuge shi kafin ya zubar da iri. Wata rana muka tambayi Baba dalilin da ya sa yake cika nan ya bar can. Ya ce, "Ƙasar wurin ce ta gaji. Taki take so."

Sai da muka shiga jami'a muka gane abin da ke ƙarƙashin maganarsa. Irin ƙuduji na iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10, ba zai tsira ba sai ya ji wani sinadari da saiwar dawa ke fitarwa, mai suna sitirigolakton. Ba maƙiyi dawa ke kira ba. Idan ƙasa ta rasa sinadarin fosfaras, saiwa kan ƙara fitar da shi don ta jawo wani naman gwari da ke taya ta neman abinci. Ƙuduji laɓe yake yi, ya ji kiran, ya tsira ya kama saiwar. Ashe Baba ya yi gaskiya. Amma wa ke gaya wa saiwa ta ɗaga murya?

A 2009 masana suka fitar da karatun gadon dawa: ƙwayoyin gado sama da 30,000, jere a kan zaren gado guda 10. Saiwa da ganye duk gado ɗaya suke ɗauke da shi. Bambancinsu shi ne waɗanda ke aiki da waɗanda suka yi shiru. Abin kamar sarauta ne: hakimi ya faɗa wa dagaci, dagaci ya faɗa wa mai unguwa, saƙo ya isa gida-gida. Wasu ƙwayoyin gado aikinsu ke nan, su ta da wasu ko su kwantar da su. Matsalar ita ce ba wanda ya naɗa musu rawani balle a gane su da ido.

Ga yadda ake bin sawunsu. A haɗa iri biyu mabambanta, a samu jikoki masu yawa, kowanne da irin rabon da ya gada daga kowane ɓangare. A kowane jika sai a auna abu biyu: daga wa ya gaji kowane yanki na zaren, da kuma yawan saƙon da kowace ƙwayar gado ke aikawa. Sai a ba kwamfuta ta gwada. Idan duk jikan da ya gaji wani yanki daga uwa ana samun ƙwayoyi da dama a wasu wurare sun ɗaga murya tare, to akwai mai umarni a yankin nan. Yawan saƙo ba ya sauya abin da aka gada, don haka an san daga ina umarnin ya taso. A 2002 aka fara gwada wannan sosai a kan yis, abin da ke kumbura burodi. Duk da haka, tafiya tare ba ita ce shaida ba. Sai an kashe ƙwayar da ake zargi an ga abin da ya biyo baya.

Ta hanyar haɗa iri da bin taswirar gado ne rukunin Farfesa Gebisa Ejeta, ɗan asalin Habasha da ke Jami'ar Purdue a Amurka, suka bayyana wata ƙwaya mai suna LGS1 a 2017. Dawar da ƙwayar ba ta aiki a jikinta tana fitar da wani nau'in sinadarin da ba ya ta da ƙuduji sosai. A 2020 wani binciken ya nuna cewa idan aka kashe ta, wasu ƙwayoyin da ke haɗa abinci da hasken rana suna rage aiki. Ka taɓa ɗaya, wasu sun motsa. Shi ya sa mai samar da iri ke buƙatar sanin dukan jerin umarnin.

Ƙannenmu, wannan aiki na mai lissafi ne da mai ilimin halittu da mai kwamfuta, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke fitar da irin dawa da masara da auduga, tana nan kan hanyarmu ta zuwa Zariya. Kun riga da yawa sanin gona. Kada ku gudu daga ajin lissafi.

Da muka zo hutu muka kwashe duk wannan muka faɗa wa Baba. Ya saurara har muka gama, sannan ya ce, "Madalla. To, kafin malamanku su gama, ga mangala can, ku kai taki gefen nan."