Zuciyar Kawu a Malanville

Kawuna fataken albasa ne a Malanville, garin da gadar Kogin Kwara ta haɗa da Gaya. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi, aka tarar zuciyarsa na bugawa sau 38 a minti, alhali ta baligi ba ta cika sauka ƙasa da 60 ba. Ashe ninka maganin hawan jininsa, atenolol, ya yi, wai don ya warke da wuri. Likita ya yi masa allurar atirofin ta jijiya, wadda ke sassauta birkin da jiki ke taka wa zuciya. Da ta gaza, da sai ƙarin ruwa mai adirinalin. Allah ya sa ya farfaɗo. Tun daga ranar, kowace asuba nakan kira shi mu ƙirga ƙwayoyinsa tare.